Motar Da Ba Ta San Kunya Ba

Motar ce ta fara ganin Muhsina, ba mai motar ba. Har gobe kuwa Muhsina ba ta daina yi wa Taufiq, mai motar, gori da wannan magana ba.

Tsakiyar kakar tumatir ce, lokacin da yake arha a Kura har kwandon ya fi abin da ke cikinsa daraja. A irin wannan lokaci ake yanka shi a shanya, ya bushe ya zama kauɗa, a adana sai ya yi tsada. Muhsina, malamar firamare ce a Bunkure, amma ranar Asabar ta Innarta ce. Ta shimfiɗa buhuna a gefen hanyar kanal ɗin ban ruwa tana baza tumatir, wurin ya yi ja wur.

Shi kuwa Taufiq ɗan Fagge ne, mai shagon shadda a kasuwar Kwari. Hajiyarsa ce ta aiko shi sayen shinkafar Kura, shi kuma dama neman dalili yake ya gwada sabuwar jip ɗinsa. Ba irin ƙatuwar nan ba ce mai kama da ɗaki, matsakaiciya ce, ruwan toka, sai sheƙi take. Taswirar da ke allon motar ta karkatar da shi hanyar kanal, idonsa na kan allon yana neman inda zai ɓulle, sai motar ta ƙwalla ƙara ta taka birki da kanta. Cak! Tayar gaba ta tsaya dab da buhun farko.

Ya fito da sauri.

"Subhanallahi! Malama, ki yi haƙuri, ban taɓa ki ba ko?"

Muhsina ta miƙe ta gyara mayafinta, ta dubi tayar, ta dube shi.

"Ba ka taɓa ni ba. Amma kai ka tsaya, ko ita ta tsaya?"

"Ita ce," ya ce yana sosa ƙeya. "Tana da ido a gaba. In ta ga mutum, ba ta jiran direba."

"To ka miƙa mata gaisuwata. Ta fi mai ita hankali."

Kai, maganar nan ta shige shi! Ya tsaya yana dariya kamar an ba shi kyauta. Wanda aka aika sayen shinkafa sai ga shi yana cinikin kauɗar da ko bushewa ba ta yi ba. Ta ce ba ta sayarwa ba ce yau. Ya ce to yaushe? Ta ce a tambayi Malam Baballe mai gonar bakin kanal, shi ne mahaifinta, duk Kura an san gidan.

A ranar, Hajiya ta ga shinkafa, ta kuma ga ɗanta yana murmushi shi kaɗai, ta ce, "Taufiq, shinkafar ce ta yi maka kyau haka?"

Asabar ta zagayo, sai ga shi a ƙofar gidan da sallama. Aka yi masa izinin zance, kuma tun daga nan hanyar Kura ta zama tasa. Yakan zo bayan la'asar, a shimfiɗa masa tabarma a soro, ya koma kafin magariba. Sauran kwanakin mako kuwa waya ce ke wahala.

"Barka da safiya, Kauɗata. Jiya na kunna sanyin kujera har ƙarshe, amma zuciyata ba ta huce ba sai da na ji muryarki."

Ta mayar masa:

"Mai Jip, duk sunayen duniya ka rasa na ba ni sai busasshen tumatir? Allah ya shirye ka."

"Kauɗa ai ita ce ke ceton miya ranar da ɗanye ya yi wuya. Ke ce ta ajiya, ba ta kwando ba."

Ta karanta ta kifa wayar a ƙirjinta. Ta san dai ta kamu.

Abu ɗaya ne da Taufiq: in ya fara zancen motar nan sai an kama bakinsa. Ya gaya mata tayoyinta huɗu duk suna ja. Ya gaya mata akwai maɓallin yashi, akwai na laka, kuma in hanya ta ɓaci sai motar ta ɗaga jikinta sama kamar mace ta tattare zani za ta tsallake ruwa. Rufinta gilashi ne, kujerunta fata, kowace tana tuna yadda mai ita yake son zama. But ɗinta ma da ƙafa ake buɗe shi.

"Mai fa?" in ji Muhsina. "Ba ka taɓa gaya min yadda take shan mai ba."

"Wannan sirrin gida ne."

"Wato kamar raƙumi."

"Kauɗata, ki bari mana, tana jin ki."

Damina ta zo ta wuce, soyayya ta yi jijiya. Taufiq ya shaida wa kawunnansa, suka ce a nemo musu rana su je neman aure. A daidai lokacin ne aka fara noman rani, Malam Baballe ya ja kunyoyi a gonarsa ta bakin kanal, ya yi dashen tumatir, 'yan ƙanana, in ba manomi ba ne kai sai ka ɗauka ciyawa ce.

Wata Asabar, da Taufiq zai juya mota a siririyar hanyar nan, sai ya ja da baya ya hau gefen gonar. Ko gezau bai ji ba. Ai abin da aka sayi motar dominsa ke nan, ta haɗiye gargada kada na ciki ya ji.

Washegari Malam Baballe ya zo ban ruwa. Ya jefa tiyo daga kanal, ruwa ya bi kwarin kunya, da ya isa inda taya ta murƙushe sai ya ɓalle ya malale kan hanya. Dashen da ke can ƙarshe bai sami ko ɗigo ba. Sawun tayar kuwa ba ya ɓuya, mota ɗaya ce mai irinsa a duk yankin.

To, a nan gizo ke saƙa. Muhsina 'yar fari ce. Malam Baballe mutumin da ne, tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai "yarinyar nan". Mai neman 'yar fari kuwa, ina zai iya tsayawa da shi su yi ido da ido a kan maganar gona? Sai ya kira Mudassiru, ɗan ƙanwarsa, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da tasa.

"In yaron nan na birni ya zo, ka tambaye shi, shi bai san kunya ba ne? Ka ce ya daina taka min ita da mota."

"To, Kawu."

Abin da Kawu bai sani ba, Mudassiru ya daɗe yana son Muhsina. Ya taɓa furtawa, ta ce masa shi yayanta ne, kuma yaya zai zauna. Tun da jip ta fara zuwa yake jin kamar a kan ƙirjinsa ake fakawa. Sai ya ɗauki saƙon ya raba biyu, ya cinye rabi. Ya tare Taufiq a hanya, fuska a murtuke.

"Kawu ya ce a tambaye ka, wai kai ba ka san kunya ba ne?"

Ya juya abinsa. Ƙarya bai yi ba, amma wallahi gara ƙaryar.

Taufiq ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Shi ɗan birni, kunya ɗaya ya sani a duniya. Ya shiga lissafin laifinsa. Ya yi dariya da ƙarfi a soro ne? Ya ci abinci a gidan surukai har ya suɗe hannu? Can sai ya ce, af, motar ce! Kullum ya zo ya girke ta a ƙofar gidan dattijo, yara su kewaye ta, kamar mai nuna arziki. Wannan ai rashin kunya ne tsantsa.

Ya tura wa Muhsina:

"Sanyin idona, Baba ya ce ban san kunya ba. Na gane laifina, zan gyara. Kada ki damu."

Hankalinta ya tashi. Ta tambayi Inna Zuliha, Inna ta ce ita ma ba ta ji komai ba, Malam ba ya zancen yarinyar nan da kowa.

Gyaran Taufiq kuwa, Allah sarki! Ya daina sa shadda mai maiƙo. Yana cire takalmi tun daga waje. In ya hango Malam Baballe sai ya zube ƙasa, idonsa a kan ƙafarsa. Aka kawo masa fura ya ce ya ƙoshi, alhali cikinsa na kuka. Babban gyaran shi ne ya daina kai mota ƙofar gida. Ya nemo mata wuri can nesa inda ba mai gani, wani fili mai tudu-tudu a gindin darbejiya, bakin kanal. Ya danna maɓallin laka, motar ta ɗaga jikinta, ta haye tsaf. Ya kulle ta ya taka da ƙafa zuwa gidan, yana jin shi cikakken mai kunya ne.

Filin nan fa gonar surukinsa ce.

Asabar ta biyo Asabar. Malam Baballe ya gyara, a murƙushe. Ya sake gyarawa, a sake murƙushewa, har ma an ƙara shiga ciki. A ganinsa, ya aika da magana, yaro ya mayar masa da martani da taya. Ga shi kuma in sun haɗu ya zube yana gaisuwa kamar na Allah, wannan ya fi komai ƙona masa rai. Ranar da aka zo masa da batun ranar da kawunnan Taufiq za su zo, sai ya ce a taƙaice:

"Kada su wahalar da kansu."

Muhsina ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ba ta taɓa saɓa wa Baba ba, kuma ba za ta fara ba. Amma ta san in aka rufe wannan ƙofa, da zuciyarta a ciki aka rufe. Mudassiru kuwa sai ga shi yana yawan kawo wa Inna albasa.

Taufiq ya rame. Ya daina zancen mota, wanda hakan kaɗai ya isa a san ba lafiya. Wata safiya ya rubuto mata:

"Kauɗata, na rasa abin da ya rage. Mota ma na daina kawo ta kusa da gidanku, can nake barin ta a wani kango mai tudu-tudu. Da wata mota ce da tuni ta kafe, ita kuwa hawa take kamar kan tabarma. In sayar da ita zai sa Baba ya huce, gobe zan kai ta kasuwa. Ke nake so, ba ƙarfe ba."

Ta karanta tana hawaye. Ta sake karantawa, sai hawayen ya tsaya. Kango? A bakin kanal, a tsakiyar rani, inda ko tafin hannu ba a bari ba a shuka ba?

"Mai Jip, wane kango? Turo min hotonsa."

Ya turo wanda ya taɓa ɗauka don ya nuna wa abokai bajintar motar. Ga jip ta yi ɗare-ɗare a kan kunyoyi, ga darbejiya, ga tsohon buhun da Baba ke ratayewa a reshe don korar tsuntsaye.

Muhsina ta dafe kai. Dariya da kuka suka zo mata lokaci guda. Ta kira shi.

"Taufiq! Inna lillahi! Ka san mene ne wannan tudun da kake hawa?"

"Tudu mana."

"Kunya ce! Kunyar gona! Tumatirin Baba ne kake faka mota a kai!"

Taufiq ya sake buɗe hoton ya duba.

"Muhsina," ya ce da wata 'yar murya, "ki ce min wasa kike."

"Wallahi da gaske nake."

"Wato duk durƙuson nan da na yi..."

"Kana durƙusa masa a gida, kana take shi a gona."

Da ta kai wa Inna Zuliha labari, Inna ta yi dariya har ta zauna a kan turmi tana share ido da gefen zani. Ta ce, "Shi ya ƙi magana don kunya, shi kuma yaron ya ɓata gona don kunya. Oh ni Zuliha!" Ta ce a bar mata Malam. Amma Taufiq bai jira an roƙar masa ba.

Washegari da hantsi Malam Baballe ya iso gona, ya tarar da mutum a duƙe da fartanya, wando a naɗe, laka har gwiwa. Fartanyar sabuwa ce fil, ko takardar kanti ba a ɓare ba. Kunyar da yake ja kuwa ta karkace ta yi nan ta yi can kamar macijin da ya sha sanda. Gefe ga kwandon irin dashe da ya saya a Kadawa.

Taufiq ya yar da fartanya ya durƙusa a cikin lakar.

"Baba, ina kwana. Na zo neman gafara. Saƙon da ya iso min shi ne ban san kunya ba, iyakarsa ke nan. Ni kuma wallahi guda ɗaya na sani. Na ɗauka kawo mota ƙofar gidanka ne ya ɓata maka rai, shi ya sa na ɓoye ta a nan."

Dattijon ya waiga gonar maƙwabta, inda Mudassiru ya duƙufa yana cirar ciyawar da babu ita.

"Mudassiru!"

"Na'am, Kawu."

"Sauran saƙona fa?"

Mudassiru ya yi tsuru-tsuru. Malam Baballe ya watsa masa harara. Ya juyo ga na durƙushe.

"Ina motar?"

"Na bar ta a bakin titi, Baba. Kunya take ji."

Gemun dattijo ya motsa. Ya yi ƙoƙari ya riƙe, ina! Dariya ta ƙwace masa, irin wadda rabon da a ji ta tun kafin dashe.

"An ce min motar nan ido gare ta ta ko'ina. Gaba, baya, har daga sama take nuna maka kanta. Duk idanun nan ba ta ga dashena ba?"

"Ta gani, Baba, har ta nuna min a allo. Ni ne ban san abin da nake kallo ba."

Wannan amsa ita ta gama da Malam Baballe. Yaron da bai ɗora wa ƙarfe laifinsa ba, ai ana iya ba shi amana. Ya ɗauki fartanyar ya juya ta a hannu.

"Tashi, ɗan nan. Ba haka ake riƙe ta ba. In ka ja min kunya haka, ruwan ma ɓata zai yi a hanya."

Suka yi aiki tare har rana ta take. Mudassiru ma, da kunyar gaske ta ishe shi, ya tsallako da tasa fartanyar ya kama musu, ya ce wa Taufiq ya yafe masa. Taufiq ya ce ya yafe, amma kunya ta gaba Mudassiru ne zai ja.

Da za su tashi, Taufiq ya roƙi Baba ya bari ya kai shi gida. Dattijo ya shiga yana ɗari-ɗari saboda lakar ƙafarsa. Kujera ta fara hura masa sanyi a baya, ya zabura ya ce, "A'uzubillahi, wa ke nan?" Da aka yi masa bayani sai ya gyara zama ya lumshe ido. Suka bi gargadar hanyar kanal kamar a kan kwalta.

"Ka ga illarta ke nan," in ji shi. "Daɗinta ya yi yawa, ba ta bari mutum ya ji abin da ya taka. In ka shigo garin manoma, ka riƙa sauke gilashi."

"In sha Allahu, Baba."

A ƙofar gida, ya sa ƙafa ɗaya a waje, bai waiwayo ba, ya ce, "Ka gaya wa kawunnan naka, Juma'a ina gida."

Da yamma saƙo ya shigo wayar Muhsina:

"Kauɗata, hannuna duk kanta, bayana kamar an daka, kuma ban taɓa jin daɗi irin na yau ba. Juma'a!"

"Sannu, manomina. Alhamdulillahi. Ka shafa man kaɗanya."

Aka ɗaura aure a kakar tumatir, shekara guda da tsayawar motar nan. Ranar kai amarya, al'ada abokin ango ke jan mota, amma Taufiq ya ce wannan kaya ba mai ja masa. Aka fito da Muhsina bayan la'asar, a lulluɓe, tana kuka, gwaggonninta a kujerar baya suna guɗa. Da ta zauna, kujerar gaba ta matsa da kanta ta daidaita, don tun tuni ya saita ta da tsayinta.

Suna isowa gindin darbejiya, sai ga Malam Baballe tsaye a gefen hanya da kwando a gabansa. Taufiq ya tsaya nesa da gonar, tazarar da ko akuya ba za ta yi ƙorafi ba, ya sauke gilashi.

"Na kunyar da ka ja ne," in ji dattijon. "Karkatacciya ce, amma ta yi 'ya'ya."

Ya ɗauki kwandon ya zagaya baya, ya zura ƙafa ƙarƙashin motar yadda ya ga ana yi, but ya buɗe. Ya yi murmushin jin daɗi ya ajiye. Sannan ya dawo wajen tagar direba ya dafa ƙofa. Bai dubi ɓangaren amarya ba. Idonsa na kan gonarsa.

"Kunya ta kusa sa ni asarar suruki," ya ce a hankali, "yau dai zan ajiye ta sau ɗaya. Taufiq, ga Muhsina nan. Ka riƙe min Muhsina amana."

Guɗa ta tsaya cak. Muhsina ta ɗago a cikin mayafi. Tun da ta zo duniya ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifinta ba, yau ga shi har sau biyu. Ta fashe da wani sabon kuka, mai daɗi, ta ce, "Baba..."

"Na karɓa, Baba," in ji Taufiq. "Da yardar Allah ba za ka ji kunya ba."

"Wacce daga ciki?" in ji wata gwaggo daga baya.

Motar ta kaure da dariya, har amarya. Malam Baballe ya ɗaga hannu.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, ya sa ku ga jikokinku. Ku tafi, kada rana ta faɗi muku a hanya."

Aka amsa da amin. Taufiq ya ja motar a hankali, gilashi a sauke, ya bi tsakiyar hanya sak, Muhsina na waiwayen Babanta har darbejiya ta ɓace.